Hayar Mota A Ƙasar Waje: Dirhami 40 Ɗin Da Suka Dawo Mini

Ranar wata Laraba bayan sallar isha'i ɗan yayana ya kira ni daga Lome, da jin muryarsa ka san yana cikin murna. Karon farko ke nan zai je Dubai sarin kaya da ƙafarsa, ba ta hannun wani ba. Ya ce, "Baffa, na ga mota a intanet, dirhami 70 kacal a rana. Ai ta fi tasi araha. In biya tun yanzu?"

Na ce, "Mayar da katin nan aljihu tukuna. Akwai caji a wayarka? To, nemi wuri ka zauna."

Mun fi awa guda muna magana. Da na ajiye waya sai uwargida, wadda duk a kunnenta aka yi, ta ce, "Alhaji, wannan karatu da ka biya wa yaron nan, ai da rubuta shi ka yi, ko wani ya amfana." Dalilin wannan rubutu ke nan. Ni ba malamin tuƙi ba ne, ban kuma taɓa aiki a kamfanin haya ba. Kayan gyaran mota nake sayarwa a Suame Magazin ta Kumasi, yau shekara 26. Abin da na sani game da hayar mota da kuɗina na saye shi, har sau biyu, kuma da tsada.

Na farko a Dubai ne. Na je sarin kayan mota na hannu a unguwannin masana'antu na Sharja, kuma wuraren a warwatse suke, wannan shago nan, wancan can bayan gari. Na yi lissafin kuɗin tasi na kwana huɗu na ga ba zai fisshe ni ba, sai na kama wata ƙaramar mota ta intanet, dirhami 90 a rana. Jirginmu ya sauka wajen ƙarfe ɗaya na dare. Wani yaro mai fara'a ya kai ni wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, inda fitilun ba su da haske sosai, ya miƙo mini takarda mai zanen mota ta gaba da baya da gefe, ya ce in sa hannu nan, da nan, da nan. Barci nake ji kamar in faɗi. Na sa hannu kamar yadda nake sa wa a takardar kaya in tirela ta iso, na karɓi makulli na yi gaba. Sun kuma cire dirhami 1,500 daga katina a matsayin kuɗin ajiya, wai za su dawo da su in na mayar da mota lafiya.

Ni da nake gane mataccen shakazoba daga jin ƙararsa, wallahi ko zagaya motar nan ban yi ba.

Ranar mayarwa, da rana tsaka, wani ma'aikaci daban ya fito da tasa takardar. Ya zagaya sau ɗaya, ya durƙusa a bamban baya ta gefen dama, ya sa yatsa a kan wata ƙujewa da ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Na rantse masa ban goga ko'ina ba. Bai yi mini musu ba, bai ɗaga murya ba. Takardar da na sa wa hannu kawai ya nuna mini, zanen motar fes, ba alama ko ɗaya. Ya tambaye ni ko ina da hoton da na ɗauka a daren. Ba ni da shi. Dirhami 700 suka rubuta. A Suame, wannan ƙujewar kafin ka gama shan shayi yaranmu sun shafe ta sun fesa fenti, kuɗin bai kai ka tsaya ciniki ba.

Sauran lissafin a hankali ya riƙa zuwa bayan na dawo gida. A Dubai akwai ƙofofin karɓar kuɗin hanya da ake kira Salik, tun 2007. Ba shinge, ba mai tsayar da kai, wani ɗan manne ne a gilashin gaba na'ura ke karantawa kana tafe. Akwai su a gadar Garhud, akwai a Mamzar kan hanyar Sharja, wato hanyar da nake bi safe da yamma. A lokacin dirhami 4 ne duk wucewa ɗaya. Daga farkon 2025 ya koma 6 a lokutan cunkoso. Na wuce sau 22 ban sani ba, kamfanin kuma ya ɗora nasa dirhami ɗaya a kan kowace wucewa, 110 ke nan. Sai kyamarar hanya da ta kama ni da gudu sau ɗaya, tarar dirhami 600, kamfanin ya ƙara 50 na wahalar biya mini. Bayan kwana 26 saƙon banki ya shigo wayata: dirhami 40 sun dawo. Na daɗe ina kallon saƙon nan. Dala ɗaya dirhami 3.67 ce, ka ga sama da dala 400 ke nan na ajiye, kuma cikin jarin kaya na cire su. Motar da na yi zaton za ta ci 360 ta ci fiye da 1,800.

Tarar gudu da kuɗin hanya laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Ƙujewar ce har yau take tsaya mini a rai, don ina da yaƙinin da ita na karɓi motar.

Abin da na gane daga baya shi ne, tarbiyyarmu ta kasuwa ce ta kayar da ni. Mu mun saba da cinikin baki da fuska. Ka san maigidan mutum, ka san dillalin da ya haɗa ku, in rigima ta taso dattawan layi su zauna a yi sulhu, kowa ya ɗan rage nasa. A kantar kamfanin haya babu dattijo, babu maigida. Yaron da ya yi maka murmushi da dare ba shi za ka tarar ranar mayarwa ba. Takarda ce da hoto ke magana a madadinka, in ba ka da su bakinka ya mutu, ko da gaskiyarka.

Saboda haka abu na farko da na gaya wa yaron nan: kada ka motsa mota sai ka ɗauki bidiyo. Ka fara daga lambar motar, ka zagaya a hankali, ka sunkuya ka ɗauki ƙasan bamba gaba da baya, da rim na kowace taya, don can ne ake yawan gogar gefen titi. Ka ɗauki gilashi ko da ɗan tsagewa ne kamar ƙwayar gero, da rufin sama, da kujeru ko akwai ƙunar sigari ko tabon abinci. Ka buɗe but ka ga safayar taya da jak. Ka kunna mota ka ɗauki mitar mai da lambar kilomita. Duk alamar da ka gani ka sa ma'aikacin ya zana ta a takardarsu ya sa hannu, ka ɗauki hoton takardar. In wurin da duhu ka ce a fito da ita haske. Minti goma ne. Za ka ga ma'aikacin yana duba agogo yana gyaran murya; ƙyale shi, ba kuɗinsa ba ne a ajiye.

Shin motar ma dole ce?

Wannan tambayar ya kamata a fara da ita, amma sai da na sha wuya na koyi yin ta. In sarinka duk a Dera ne, wajen Naif da kasuwar Murshid, mota nauyi ce kawai. Wurin fakin na kuɗi ne, samun sa ma aiki ne, kayanka kuma masu kago ne za su kwashe daga shago. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2009 yana tsayawa a filin jirgi, yana kuma ratsa Dera. Ranar da za ka Dragon Mart ko Sharja, ranar ce mota ke da amfani. To, ka kama ta kwana ɗaya ko biyu, ba mako guda ba.

Masu zuwa Gwanzu ku huta da wannan tunani gaba ɗaya. Ƙasar Sin ba ta karɓar lasin ƙasa-da-ƙasa, sai ka nemi nasu na wucin gadi, kuma ga jirgin ƙarƙashin ƙasa da tasi ta waya ko'ina. Masu Umara ma ban ga abin da zai sa mutum ya ɗora wa kansa tuƙi ba. Kusa da Harami ba wurin ajiye mota, tsakanin Makka da Madina fiye da kilomita 400 ne na hamada mai sa gyangyaɗi, ga kyamarorin Sahir a hanya, ga kuma jirgin ƙasan Haramaini tun 2018. Ibada ka je yi.

Akwai kuma ƙasashen da ake tuƙi ta hagu: Ingila, Indiya, Malesiya, Tailan, Kenya, Afirka ta Kudu. Mu ma da haka muke, Nijeriya ta koma dama a 1972, Ghana a 1974, tsofaffin direbobin Zango har yau suna ba da labarin ruɗanin makon farko. Amma hannun ɗan yau ya saba da dama. Kan miƙaƙƙen titi ba matsala, a shataletale da wurin fita daga gidan mai ne hannu ke komawa gida ba tare da ka sani ba. In dole ne, ka ɗauki mai otomatik, kada kuma ranar saukarka ta zama ranar fara tuƙinka.

Lasi, kati da inshora

Lasin ƙasa-da-ƙasa fassara ce kawai ta lasinka na gida, ba ya aiki shi kaɗai. Dole ka riƙe su biyun, kuma a ƙasar da ta ba ka lasi ake yin sa kafin ka tashi, ba can ba. Mu a Ghana hukumar DVLA ke bayarwa. Iri biyu aka fi amfani da su a duniya, na yarjejeniyar Janiba ta 1949 mai shekara ɗaya, da na Biyana ta 1968 mai kaiwa shekara uku. Ka rubuta wa kamfanin tun kana gida, ka gaya musu ƙasar da ta ba ka lasi, su amsa maka a rubuce cewa suna karɓa. Na ga mutum ya biya kuɗin mako guda ta intanet, ya zo kanta aka ce lasinsa bai yi ba, kuɗin kuma ba a mayarwa. Shekaru ma ana dubawa: galibi sai ka kai 21, kuma da yawansu suna ƙara wa wanda bai kai 25 ba kuɗi. Yaron nan 24 gare shi, ka ga dirhami 70 ɗinsa ta fara girma tun bai tashi ba.

Batun kati shi ya fi damun mutanenmu. Manyan kamfanoni katin bashi suke so, don su riƙe kuɗin ajiyar ba tare da sun cire ba. Da yawanmu kuma ba ma riƙe katin bashi saboda gudun riba, ni ma ina cikinsu. Da katin cirar kuɗi na yau da kullum kuwa, cire kuɗin ake yi da gaske, su bar asusunka makonni uku ko wata guda, don kamfanin yana jiran ya ga ko tara za ta biyo baya. Bankinka ya ci nasa wajen canji a tafiya, ya sake ci a dawowa. Saboda haka kada ka sa kuɗin ajiya cikin lissafin kuɗin sari. Ɗauka cewa ba ka da su a wannan tafiyar. Ka kuma tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya biya a waje, musamman masu katin naira. In tsabar kuɗi ka bayar, ka karɓi rasit mai hatimi wanda ya faɗi ranar da za a mayar da kuma ta wace hanya, tunda kai ranar kana gida.

In wani ya ce ka bar fasfonka jingina a madadin kuɗi, ɗauki jakarka ka fita. Ranar da gardama ta haɗa ku, jirginka na tashi ƙarfe tara, duk abin da ya yanka maka sai ka biya.

Inshora kuma, "akwai inshora a ciki" ba amsa ba ce. Tambayar ita ce: in abu ya faru, nawa ne a wuyana? Akwai kason farko na asara da kai za ka biya kafin inshora ta sa hannu. Masu Ingilishi na ce masa ekses, masu Faransanci faranshiz. Wannan lambar za ka nema a takarda ka ja mata layi. Sukan sayar da ƙarin inshora ta kullum da ke rage wannan kaso ko ta shafe shi. Da ina ganin wayon cin kuɗi ne. Yanzu in garin baƙo ne a gare ni, saya nake yi. Sai dai ka tambaya ko ta haɗa da taya da gilashi da ƙarƙashin mota, don sau da yawa an cire su. Wanda sunansa ke cikin takarda shi kaɗai zai tuƙa. Ka ba abokin tafiya sitiyari don ka ɗan runtsa, aka yi karo, inshora ta zare hannunta. A Daular Larabawa kuma ko bango ka goga kai kaɗai, sai da rahoton 'yan sanda inshora ke biya. Ka tsaya ka kira 999 ka kira kamfanin, kada ka ce ai ƙaramin abu ne.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna cizo. Mai: cike ka karɓa, cike ka mayar, ka riƙe rasit ɗin gidan man ƙarshe. Kilomita: wasu suna yanka maka 200 ko 250 a rana, alhali Dubai zuwa Abu Dabi kusan 140 ne, zuwa da dawowa ka riga ka haura. Ranar haya awa 24 ce daga lokacin da ka karɓa, ka makara da awa biyu a rubuta maka sabuwar rana. Ga kuma wani tarko: a Dubai galibi ana ɗaga wa direba ƙafa da kilomita 20 a kan abin da allo ya nuna, Abu Dabi kuwa ta soke wannan tun 2018. Hanya ɗaya ce, ka tsallaka iyaka ba ka sani ba, kyamara ta haska ka.

Ranar da muka tsaya a Aflawo

Wahalata ta biyu a nan gida Afirka ta Yamma ce, kuma ta fi ta Dubai ciwo duk da kuɗin bai kai ba, don da iyali a ciki.

Bikin 'yar ƙanwar uwargida ne a Lome. Dangi suka taru a Nima ta Akara, mu goma sha ɗaya har da surukata, wadda gwiwoyinta sun daɗe suna ba ta wahala. A ƙasashenmu hayar mota yawanci da direbanta take zuwa, shata ke nan, kuma ni na fi son haka: baƙo makaho ne ko da idonsa, direban gari ya san ramukan hanya, ya san yaren masu shinge. Wani dillali ya haɗa ni da mai wata farar bas mai kyau. Na duba taya, na taka birki, na ga takardar lafiyar mota manne a gilashi, muka yi ciniki na kwana uku. Na ce masa, "Lome fa za mu." Ya ce, "Ba komai, Alhaji, Allah ya kiyaye hanya." Muka tafa, na ba da kafin alƙalami.

Akara zuwa Aflawo bai kai kilomita 200 ba. Kafin azahar muna bakin iyaka. Mu mutane takardunmu sun cika. Motar ce aka tambayi nata: ina takardar izinin mai mota cewa ya yarda wannan direba ya fitar da ita daga ƙasa? Ina katin inshorar ECOWAS, wanda ake kira Brown Card, masu Faransanci su ce Carte Brune? Direba ya buɗe aljihun mota, ya rufe, ya kalle ni. Na kira mai motar, ya ce shi ya ɗauka a bakin iyaka za mu sauka. Ni kuma na ɗauka duk wanda aka ce wa Lome ya san abin da ake nufi. Jami'in da ya tare mu aikinsa ya yi, ban ga laifinsa ba.

Haka muka sauke kayan gara a rana, buhunan shinkafa da jarkokin mai da akwatuna, muka yi ciniki da 'yan dako. Sa'ar da muka ci ita ce birnin Lome a jikin iyakar yake, kana tsallakawa ka shiga gari. Amma wannan 'yar tafiyar ta ƙafa, cikin turmutsitsi da rana, surukata ta yi ta tana dafe da kafaɗar jikanta, tana tsayawa tana hutawa. Na matsa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kuskurena ne." Ta ce, "Ba komai, ɗana, ai mun iso." Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Tasi uku muka ɗauka a can, bas kuma ta kwana biyu a gefen Ghana tana jiranmu, ina biyan kuɗinta da abincin direba.

Wannan kati ba sabon abu ba ne, tun 1982 aka sa hannu a kan yarjejeniyarsa a Kwatano, sakatariyarsa ma a Lome take. Abin da yake ɗauka shi ne ɓarnar da ka yi wa wani a ƙasar da ka shiga, ba gyaran motar da kake ciki ba. Masu shiga Kamaru da Cadi nasu daban ne, Carte Rose na ƙasashen tsakiyar Afirka. Kuma tunda Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, duk mai nufin can da motar haya ya sa kamfanin inshora ya rubuta masa sunan ƙasar da zai shiga a cikin abin da suka ɗauka, kada ya dogara da yadda aka saba.

Tun daga ranar, ko motar maƙwabci zan ɗauka shata, sai mun rubuta a takarda ko a WhatsApp: garuruwan da za a je da sunayensu, ko za a tsallaka iyaka, wa ke sayen mai, wa ke ciyar da direba da biya masa makwanci, ƙarfe nawa aikinsa ke tashi, in mota ta lalace a hanya wa zai kawo wata. Wasu sukan ji haushi, su ce ko ban yarda da su ba ne. Sai in ce ai addini ma ya ce a rubuta bashi. Na kuma daina yarda da tafiyar dare da iyali, musamman hanyar Akara zuwa Kumasi mai kusan kilomita 250 da tireloli ke kwana a kanta. In da ƙananan yara, kowa da kujerarsa da bel ɗinsa, ba a ɗora su a cinya don a rage kuɗin mota. A kuma gaya wa direba tun a gida cewa za a tsaya salla, don wani in ya kama hanya ba ya son tsayawa.

Ɗan yayan nawa dai ya je ya dawo. Kwana biyu kawai ya kama motar, ranar Sharja da ranar Dragon Mart. Daren da ya karɓe ta ya turo mini bidiyo na minti shida da hotuna 31, har da na cikin but da na ƙasan kujera, sai da wayata ta ce ba wuri. Da ya je mayarwa ya isa da awa ɗaya kafin lokaci, ya sa ma'aikacin ya rubuta cewa an karɓi mota lafiya ya sa hannu. Sun nuna masa wata lotsawa a ƙofar baya, ya buɗe wayarsa ya kai su daidai minti na biyu, suka ce shi ke nan.

Kuɗin ajiyarsa ne har yanzu ba su dawo ba. Yau kwana 19. Kullum da safe sai ya kira ni, "Baffa, shiru fa." Na ce masa ya bari a cika 30, in ba su shigo ba ya tura musu hoton rasit ɗin da takardar da ma'aikacin ya sa wa hannu, ya sa ni a cikin saƙon.